Sanyin Fataskum Da Labarin Dusar Ƙanƙara

Ga 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, hunturu baƙo ne mai kunya. Yakan iso wajen ƙarshen watan Disamba, ya yi 'yan kwanaki, ya busar da gumi, ya bar mutane su yi barci ba fanka, sa'an nan ya kama hanyarsa. Turawan da suka zauna bakin teku a zamanin da har laƙabi suka yi masa, suna kiransa likita, saboda sauƙin da yakan kawo musu. Don haka in aka bugo waya daga gida aka ce muku-muku ya hana tsofaffi fita masallaci da asuba, wanda ya daɗe a Kurmi yakan yi murmushi, ya ɗauka ko dai zuƙi ta malle ce, ko kuwa sharar fage ce ta neman aike. To, ba haka ba ne. Iskar da takan iso Agege a gajiye, bayan ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta ratso kurmi, a garuruwa irin su Fataskum da ƙarfinta take sauka.

Fataskum, wadda ake rubutawa Potiskum a takardun hukuma, ba baƙuwa ba ce ga masu karanta wannan shafi. Duk mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya san kasuwarta ta ranar Laraba, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Duk direban babbar mota kuma ya san nan ne hanyar Kano da ta Bauchi suke gamuwa kafin a miƙa Damaturu da Maiduguri. Tana cikin Jihar Yobe tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991. An fi saninta da zafi, gama a watan Afrilu ma'auni yakan kai digiri 40 har ya gota. Amma garin nan da ke gasa mutane da bazara, shi ne kuma ke kaɗa musu haƙora a watan Janairu.

Wanda ya ratsa unguwar Yindiski da sassafe a irin waɗannan kwanaki, abin da zai fara gani shi ne wuta. A bakin zaure, a gindin katanga, a kusa da teburin mai shayi, ko'ina an tara kara da ƙirare an hura, mutane sun kewaye sun miƙa hannu. Gaisuwa ma ta sāke, ba a tambayar gajiya sai an tambayi sanyi. Ruwan randa ya zama abin tsoro, alwala sai an dafa ruwa, wanka kuwa sai hantsi ya dubi ludayi, in ma an yi. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe a diddige, yara sun yi fari fat kamar an birkiɗa su a toka, ga majina. Masu sayar da basilin da man kaɗanya da koko mai zafi su ne ke murna. Rana takan fito kamar farin faranti a cikin hazo, mutum ya dube ta ido da ido ba ta kashe masa gani ba.

Ga yadda lissafin yake. A shekarar da ba ta zo da abin mamaki ba, ma'aunin zafi a wannan yanki yakan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13 gab da fitowar alfijir a watan Janairu, da rana kuma ya hau zuwa wajen 30. In shekara ta zo da tsanani sai ya gangara ƙasa da 10. A Ikko kuwa da wuya ya yi ƙasa da 20. Irin wannan shekara mai tsanani aka gani a ƙarshen 2019 da farkon 2020, sa'ad da sanyi ya rufe Arewa baki ɗaya, daga Sakkwato har Borno, kasuwanni suka riƙa ci a makare, a Jos kuma ma'auni ya faɗi ƙasa da digiri 10 sosai, har jaridun Kudu suka yi ta ba da labari. Jos dai tana da hujja, domin tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200. Fataskum kuwa shimfiɗaɗɗen fili ce, tsayinta daga teku bai wuce mita 400 da 'yan kai ba. To, daga ina nata sanyin yake?

DAGA INA ISKAR TAKE?

Daga hamada yake. A watannin nan iska takan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta zo a bushe ƙarau. Laimar da ke cikin iska ita ce bargon ƙasa: da dare takan tare ɗumin da ƙasa ta sha da rana, ta hana shi tserewa sama. A Ikko wannan bargo yana nan shekara duka, shi ya sa dare ba ya hucewa. A Fataskum hunturu yakan yaye shi. Da zarar rana ta faɗi sai zafin ƙasa ya yi ta tashi ba mai tare shi, har gari ya waye. Shi ya sa sanyi ya fi tsanani a lokacin sallar asuba, ba da tsakar dare ba. In kuma sanyin Turai ya tsallako Bahar Rum ya shigo hamadar Libiya, sai iskar ta ƙara ƙarfi ta ƙara sanyi, a yi kwana uku ko mako guda ana ɗari kafin ta lafa.

Hazon ma yana da gidansu. A arewacin ƙasar Chadi, kusa da garin Faya, akwai wani ƙaton kwari da ake kira Bodele, wanda shekaru dubbai da suka wuce gindin babban tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yanzu. Ruwa ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli. Iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda ruwa kan yi ƙarfi in ya shiga ƙaramar magudana, ta faɗa kwarin nan ta kwashi ƙura. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso Borno da Yobe da Kano. Ragowarta ce mai shago a Idi Araba ke gogewa a kan kantarsa, wata ma takan ƙetare teku har dajin Amazon na Amurka ta Kudu. Ƙurar nan takan tare rana, ta hana gari ɗumama da hantsi. Watau dare ya kwashe zafi, rana kuma ta kasa mayarwa.

WAƊANDA SUKA GA TA GASKE

A duk gindin wutar jin ɗumi, in hira ta yi hira, sai an kawo zancen ƙasashen da ƙanƙara ke zuba kamar auduga. Sunan ma da Bahaushe ya ba abin ya nuna bai san shi a gida ba. Ƙanƙara dai an santa, ita ce ke faɗowa da hadarin damina ta farfasa ganyen dawa. Amma wannan fara mai laushi da ke sauka ba ƙara, sai aka dubi abin da ya fi kama da ita a tsakar gida aka ce dusa, dusar ƙanƙara. Ba ta sauka a ƙasar Hausa. Ko a hamada ma abin labari ce: da ta zuba a garin Ain Sefra na Aljeriya a Disamban 2016 da Janairun 2018, sai hotunan jan rairayi da farin rawani suka zaga duniya.

Amma 'yan Arewa da suka taka ta da ƙafarsu ba kaɗan ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun malanta a Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946. Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, sai ya faɗa cikin ɗaya daga cikin mafi munin sanyin da Ingila ta gani a ƙarnin nan da ya wuce. Daga ƙarshen Janairu na 1947 har tsakiyar Maris dusar ƙanƙara ba ta daina zuba ba a ƙasar, ta toshe hanyoyi da layin dogo, kwal ya kasa isa tashoshin lantarki, aka riƙa ɗauke wa gidaje wuta sa'o'i biyar kowace rana, tumaki kuma suka mutu ba iyaka a makiyaya. Ɗaliban da aka tura bayan samun mulkin kai su kuma suka gamu da na 1962 zuwa 1963, wanda ya fara kashegarin Kirsimeti bai saki ba sai watan Maris, har kogin Tems ya daskare a wasu wurare. Azumin wannan shekara a tsakiyar sanyin ya kama, daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Yini gajere ne, ba ƙishirwa, sai dai tashi sahur a ɗakin haya da ba a samun ɗumi sai an jefa sule a cikin mitar gas.

Bayan su sai waɗanda suka tafi Rasha a zamanin Tarayyar Sobiyet, wasu a Jami'ar Lumumba ta Mosko, wasu koyon aikin ƙarfe saboda masana'antar Ajakuta. Waɗanda sabuwar shekarar 1979 ta riska a Mosko sun ga ma'auni ya kai wajen digiri 38 ƙasa da sifiri. Na baya-bayan nan su ne ɗaliban da yaƙi ya koro daga Yukiren a Fabrairu da Maris na 2022, waɗanda suka kwana a tsaye cikin sanyi a kan iyakar Folan da Romaniya. Su tunaninsu da dusar ƙanƙara ba na wasa da dariya ba ne.

Abubuwan da masu dawowa kan ba da labari kusan iri ɗaya ne. Mutum ya kwanta gari baƙi, ya tashi ya leƙa taga ya ga kome fari, har ido ya yi zafi. Shirun da kan biyo baya, don dusar takan shanye ƙarar mota da ta takalmi. Rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a Landan, la'asar da magariba suna bin juna a guje. Numfashi yana fita kamar hayaƙi. Santsin da kan kayar da babba da jakarsa a gaban jama'a. Yara sukan saki baki suna saurare, wani dattijo kuma ya yi hamdala da Allah bai ajiye shi can ba.

To, amma ga abin da ya kamata a tsaya a kansa. Da yawa daga cikin mutanen nan da suka taka ƙanƙara, in suka dawo gida hunturu ya same su, sai a gan su cikin bargo suna rawar ɗari kamar kowa, har a riƙa yi musu ba'a. Ba raki ba ne. A Mosko sanyi a waje yake. Ɗaki yana da bango mai kauri, da taga mai gilashi biyu, da bututun ruwan zafi da ke ɗumama gida dare da rana, mutum yakan zauna da 'yar shara a ciki alhali a waje ruwa ya zama dutse. In zai fita ya sa kwat da hula da safar hannu da takalmi mai gashi, ya yi 'yan mintoci ya shiga jirgin ƙasa mai ɗumi. A Yindiski kuwa sanyin da ke waje shi ne a ɗaki. Digiri 11 a tsakar gida, kusan digiri 11 ne a kan tabarma, ba inda za a gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ɗakin kwana ya yi ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi, musamman saboda tsofaffi da jarirai da masu ciwon ƙirji. Turawa da kansu sun gano wani abin mamaki a kan wannan. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya gwama ƙasashen Turai 14, ya nuna ƙarin mace-macen lokacin sanyi ya fi yawa a Fotugal, inda sanyin ke da sauƙi, ya kuma fi ƙaranci a Finlan, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Dalili shi ne mutumin Finlan ya gina gidansa don sanyi, na Fotugal kuwa bai ɗauki abin da muhimmanci ba. In haka ta faru a Turai, ina ga garin da kome nasa don zafi aka tsara shi?

GININ DA DA NA YANZU

Lalle magabata sun fi mu shiri a wannan fanni. Ɗakin soro mai kaurin bango da rufin azara yakan sha rana da yini, ya riƙa sakin ɗumin a hankali har asuba, da bazara kuma ya yi sanyi. Ɗakin jinka ma yana riƙe ɗumi gwargwado, a wasu gidajen har gadon ƙasa ake yi wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Yanzu kowa bulo da kwano yake so, kuma kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa daga Kudu su suka gina da yawa daga cikinsu. Ba laifi, ginin siminti ya fi jure ruwa, ya huta da yaɓe kowace shekara. Amma kwanon da ba a yi masa silin ba maƙiyi ne sau biyu: tanda da bazara, randa da hunturu. Mai gina wa iyayensa ɗaki ya sa kuɗin silin a cikin lissafi tun farko, ya fi a kashe su a fentin ƙofar gida.

Inda ɗaki ya kasa, sai a koma ga kasko, nan kuma hatsarin yake. Gawayin da ke ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Ban da wannan ga gobara. A lokacin da kome ya bushe, zana da danga da katifa duk makamashi ne, iska kuma tana tsaye tana jiran tartsatsi. Ba banza ba gobarar gidaje da ta kasuwanni ta fi yawa a watannin nan. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar 'yar kafa ta iska. Mai waya a hannu ya faɗa wa na gida wannan, ko da za su ce ya cika surutu.

Akwai kuma waɗanda ba su da ko ɗakin. Almajirin da ke kwana a zaure ko a rumfar kasuwa da riga ɗaya, wutar tsangaya ta karatun dare ita ce bargonsa, in ta mutu shi ke nan. Da 'yan rakiyar shanu, waɗanda masu karatu suka fi kowa sani, da ke kwana bisa katakon tirela daga Fataskum zuwa Ikko, mota tana gudu iska tana yankan fuska. Sanyin da ke kan motar nan tsakanin Azare da Kano da ƙarfe huɗu na asuba, ba ma'aunin da ke rubuta shi. Hazo kuma yana rufe wa direba hanya. Ƙura da bushewar iska suna kuma raunana hanci da maƙogwaro, shi ya sa sanƙarau kan biyo sawun hunturu. Mutanen Fataskum ba su manta farkon 2024 ba, sa'ad da cutar ta shiga makarantun kwana na garin da kewayensa ta yi kisa cikin ɗalibai. Akwai rigakafi, kuma wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi na asibiti ne nan take, ba na jiƙe-jiƙe ba.

Duk da haka ba a rasa masu addu'ar sanyi ya daɗe. Manomin alkama a fadamun Haɗeja da Gashuwa ya san in dare bai yi sanyi ba zangarniya ba ta cika, shi ya sa yake gaggawar shuka a watan Nuwamba. Masu tumatir da albasa ma haka, sauro kuma yakan yi sauƙi. Abin da ke damun manoma a 'yan shekarun nan shi ne hunturun ya daina cika alkawari. Na ƙarshen 2023 ya zo a makare kuma ba ƙarfi, Fabrairun 2024 kuma ya zo wa Kudu da zafin da ya hana barci. Wata shekara a yi ta jira shiru, wata kuma ya faɗo gaba ɗaya. Ga shi kuma azumi yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kafin 2030 zai shiga tsakiyar Janairu ko kusa da haka, a koma sahur cikin ɗari kamar yadda aka yi a ƙarshen shekarun 1990.

Wani abin ban sha'awa shi ne, dusar ƙanƙara ba ta zo Yindiski ba, amma tufafinta sun zo. Rigunan sanyin da ake gani a jikin ɗan acaɓa da mai shayi da ɗan makaranta, masu zif da hula a haɗe, wasu da sunan wata ƙungiyar ƙwallo ko wata makaranta da ba wanda ya san inda take, yawancinsu gwanjo ne daga Turai da Amurka, an yi sanyi da su can kafin a ɗaure su a dila. Ta bakin teku suke shigowa, watau ta hannun mutanen Kudu suke bi kafin su hau Arewa, kuma a kasuwar Katangowa ta wajen Abule Egba ana zube su tuli-tuli a garin da ba mai bukatarsu sosai. A watan Oktoba da Nuwamba ba su da tsada. Kafin su isa Yobe a tsakiyar sanyi, kuɗin mota da ribar hannu uku sun hau kansu. Motocin da suka sauke shanu a Ikko kuwa kullum suna komawa gida, kuma da wuya a rasa ɗan gari a cikin direbobin da zai karɓi ƙunshin bargo biyu da 'yan rigunan yara ya sauke a Fataskum.